GADO NE KO KOYO? TARIHIN WASAN TSUNDUMA CIKIN RUWA

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan ɗan bayani, wata gardama ce da ta sarƙe tsakanina da wani abokina ɗan ɗakin kwananmu, bayan mun komo daga dogon hutu na shekarar 2024. A cikin wannan hutu ne aka yi wasannin Olamfik a birnin Faris na ƙasar Faransa, kuma ni da shi duk mun kalli wasan nan da mutum yakan hau wani dogon dandamali, ya dako tsalle, ya yi ta alkafura a sama, sa'an nan ya tsunduma cikin ruwa da ka. Lambobin zinariya takwas aka sa a wannan wasa, mutanen ƙasar Sin kuwa suka kwashe takwas ɗin nan duka, ba su bar wa kowa ko ɗaya ba.

Abokina ya ce shi bai ga abin mamaki ba. Wai Sinawa haka Allah ya halicce su da ƙaramin jiki marar nauyi, abin a jininsu yake, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce ban yarda ba, amma da ya ce in kawo hujja sai na yi tsuru-tsuru, don ba ni da ita. Muka kai ƙara wurin malaminmu na wasanni. Da ya saurare mu sai ya yi murmushi, ya ce, "Ku da kuke gardama, wa ya san waɗanda suke cinye wasan nan kafin Sinawa?" Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ba mu sani ba." Ya ce, "To, ku je ku bincika. Ran da kuka gano wannan, gardamarku ta mutu."

Abin ya tsaya mini a rai, domin abokin nan nawa da irin wannan magana ya sallama darasin lissafi. Kullum cewa yake yi lissafi ba na gidansu ba ne, ga shi kuwa jarrabawar fita tana tafe. Saboda haka na duƙufa ga bincike, ga kuma abin da na samo.

Yadda wasan yake

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu san wasan kansa, don kada mu yi ta lalube cikin duhu. Wurin da ake dako tsalle iri biyu ne. Na farko katako ne mai lanƙwasa, tsawonsa ya kusa mita 5, faɗinsa rabin mita. An ɗaure gindinsa tam, an bar bakinsa yana reto a bisa ruwa, tsakaninsa da ruwan mita 3. Mai wasa yakan tako, ya yi ɗan tsalle, ya danne bakin katakon da nauyinsa, katakon ya lanƙwashe, sa'an nan ya miƙe ya cilla shi sama kamar yadda baka yake cilla kibiya. Sunan katako ne kawai ya bi shi, gama tun wasannin birnin Rum na 1960 da ƙarfen alminiyam ake yin sa. Wani injiniyan jiragen sama Ba'amurke mai suna Ray Rude shi ya ƙago irin wannan, na farkon ma da wani ɓallin fiffiken jirgi ya yi shi.

Na biyu dandamali ne ƙaƙƙarfa wanda ba ya motsi, bisansa mita 10, watau kamar mutum ya tsaya a kan rufin bene mai hawa uku. 'Yan ajin kimiyya suna iya lissafawa da kansu: duk abin da aka saki daga mita 10 ba ya cika sakan ɗaya da rabi zai iso ƙasa, kuma yana isowa da gudun mita 14 a sakan, watau kilomita 50 a awa, gudun mota a cikin gari ke nan. A cikin wannan ɗan ƙiftawa da bismilla mai wasa zai yi alkafura uku da rabi, wani ma huɗu da rabi, ya warware, ya miƙe, ya shiga ruwa a tsaye kamar an jefa mashi. Da irin wannan gudu ruwa ba shi da laushi ko kaɗan. In mutum ya faɗa da ciki ko da baya, sai ka ce an maka shi da ƙasa. Don haka ake gina tafkin da zurfin wajen mita 5, kuma ake ɗan fesa ruwa a samansa don mai wasa ya riƙa ganin inda fuskar ruwan take.

An kasa tsalle-tsallen gida shida. Akwai wanda mutum zai fuskanci ruwa ya juya gaba. Akwai wanda zai ba ruwa baya ya juya baya. Na uku zai fuskanci ruwa ya yi tsalle gaba, amma ya juyo da baya, ƙeyarsa ta nufo wurin da ya taso. Na huɗu zai ba ruwa baya ya juya ta ciki. Na biyar zai haɗa alkafura da murɗa jiki kamar mazari. Na shida, wanda a dandamali kaɗai ake yi, zai fara da tsayuwa bisa hannuwansa, ƙafafu a sama. Ku riƙe na ukun nan da kyau, za mu sake gamuwa da shi a gaba. A cikin iska kuma, ko dai mutum ya miƙe kamar sanda, ko ya ninke biyu ƙafafunsa a miƙe, ko ya dunƙule kamar bushiya.

Yadda ake ba da maki

A wasan gudu agogo ne yake raba gardama, a nan kuwa idon alƙali ne. Alƙalai bakwai suke zama a gefen tafki, kowa ya ba da maki daga sifiri zuwa 10. Sai a zubar da manya biyu da ƙanana biyu, don kada son kai ko ƙiyayyar wani alƙali ta yi tasiri. Ukun da suka rage a haɗa su, a ninka da wata lamba da ake kira awon wuya, gama kowane irin tsalle an riga an rubuta masa gwargwadon wuyarsa. Maza tsalle shida suke yi, mata biyar, a tara duka.

Ga misali. Wani ya zaɓi tsalle mai sauƙi, awon wuyarsa 2.0, ya yi shi tsaf, makinsa uku na tsakiya 9, 9, 9. An haɗa 27, an ninka da 2.0, ya sami 54. Wani kuma ya zaɓi mai wuya, awonsa 3.4, ya ɗan fantsama ruwa, aka ba shi 6, 6, 6. An haɗa 18, an ninka da 3.4, ya sami 61.2. Ashe ke nan mai tsoron wuya ba ya ci. Amma in na uku ya zo ya yi mai wuyan nan kuma ya yi shi tsaf, ya sami 9, 9, 9, makinsa 91.8, ya bar su duka a baya. Wannan tsari ba a rana ɗaya aka same shi ba, sai da aka sha rigima, kamar yadda za mu gani.

Zamanin Suwidin da Jamus

Faɗawa ruwa daga bisa tsohon abu ne. A shekarar 1968 an tono wani kabari kusa da Paestum a kudancin Italiya, wanda ya yi kimanin shekara 2,500, a jikin murfinsa an zana wani saurayi ya dako daga wani gini ya nufi ruwa da ka. Amma wasan da muka sani yau, mai alkafura da ƙa'ida, a Jamus da Suwidin ya tsiro, cikin ƙarni na 18 da na 19. Ƙasashen nan biyu sun ɗauki wasan motsa jiki da muhimmanci ƙwarai. Idan lokacin zafi ya yi, sai 'yan wasansu su kwashi kayansu su kai bakin ruwa, su riƙa gwada alkafurar da suke jin tsoron yi a kan ƙasa, tun da faɗuwa cikin ruwa ta fi sauƙi. Da haka Jamusawa suka gwanance a kan katako, mutanen Suwidin kuma a kan dogon dandamali.

Mutanen Ingila nasu daban ne. Tun 1883 suke gasar wanda zai tsunduma daga bakin tafki ya sulale cikin ruwa ya fi kowa nisa ba tare da ya motsa hannu ko ƙafa ba. Sai wajen ƙarshen ƙarnin wasu mutanen Suwidin suka zo Landan suka nuna musu irin nasu, aka yi ta mamaki, har aka kafa ƙungiyar wasan a Ingila a 1901.

A wasannin Olamfik na 1904, a birnin St. Louis na Amurka, aka fara sa wasan, a wani tafki da aka haƙa cikin filin baje koli. 'Yan wasan kaɗan ne, daga Amurkawa sai Jamusawa. Wani likitan ido ɗan garin, George Sheldon, shi aka ba na ɗaya, Jamusawa kuwa suka ce ba su yarda ba. Su a ganinsu wuyar alkafura ita ce wasa, ko ta yaya mutum ya faɗa ruwa ba kome. Amurkawa kuma suka ce kyan shiga ruwa shi ne cikar tsalle. Har wani Bajamushe da ya yi kunnen doki da Ba'amurke a matsayi na uku ya ƙi sake karawa don fushi. Lissafin nan da na nuna a baya, na ninka maki da awon wuya, shi ne sulhun da aka yi daga baya tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu. A wannan shekara ce kuma aka yi gasar sulalewa irin ta Ingila, William Dickey ya ci da mita 19.05, daga nan ba a ƙara sa ta a Olamfik ba.

A wasannin Landan na 1908 aka ƙara katako mai lanƙwasa, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda aka daɗe ana kira FINA. Jamusawa suka yi na ɗaya da na biyu a katako, mutanen Suwidin suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a dandamali. A 1912, a Stockholm babban birnin Suwidin, aka fara barin mata su shiga, wata 'yar ƙasar mai shekara 17, Greta Johansson, ta ci. Da abokina yana raye a lokacin, da ya rantse cewa wasan nan a jinin dogayen Turawan arewa yake.

Yadda tutar ta ƙaura Amurka

A cikin 'yan wasan Suwidin na 1912 akwai wani mai suna Ernst Brandsten, wanda bai sami ko tagulla ba. Shi ne ya auri Greta Johansson, suka zauna a Amurka, suka yi shekaru da yawa suna koyar da iyo da tsunduma a Jami'ar Stanford ta jihar Kalifoniya. Ilmin da Suwidin ta tara, sai ga shi ya ƙetare teku a cikin kawunan mutum biyu. Almajiransa Clarence Pinkston da Al White da Pete Desjardins duk sun ci zinariya: Pinkston a 1920, White ya haɗa katako da dandamali a 1924, Desjardins ya maimaita haka a 1928. Daga 1920 zuwa 1968 an yi Olamfik sau goma sha ɗaya, kuma duk goma sha ɗayan nan Ba'amurke ne ya ci katakon maza. Matansu ma sun ci katako sau takwas a jere, daga 1920 zuwa 1956. Ta farkonsu Aileen Riggin, shekararta 14, ta yi wasanta a Antwerp cikin wani ruwan ganuwa mai sanyi da laka. Marjorie Gestring ta ci a Balin a 1936 tana da shekara 13. Pat McCormick ta haɗa biyun a 1952, ta sake haɗawa a 1956, 'yan watanni bayan ta haihu. Suwidin kuwa, uwar wasan, daga 1920 ba ta ƙara ganin zinariya ba sai a 1972, da Ulrika Knape ta ci dandamalin mata, daga ita kuma shiru.

A cikin wannan zamani akwai mutum biyu da labarinsu ya fi ba ni hujja. Na farko ɗan nahiyarmu ne, Farid Simaika, mutumin Masar, wanda ya je Amurka ya sami katako da malamai ya gwanance. A wasannin Amsterdam na 1928 ya zo na uku a katako. A dandamali kuwa jimlar makinsa ta fi ta kowa, aka ce shi ya ci, har aka buga taken Masar. Can sai alƙalai suka ce a dakata, ƙa'idar lokacin ba jimlar maki take bi ba, ana duba wanda yawancin alƙalai suka sa a gaba ne. Aka karɓe zinariya aka ba Desjardins, aka bar Simaika da azurfa. Abin da ciwo, amma dai ya nuna wa duniya cewa ɗan Afirka yana iyawa in ya sami wurin koyo. Bayansa ma, a 1994, Evan Stewart na Zimbabuwe ya zama zakaran duniya a ƙaramin katako mai mita 1 a birnin Rum.

Na biyu Sammy Lee ne, wanda iyayensa mutanen Koriya ne da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya. A lokacin ƙuruciyarsa ana wariyar launin fata, tafkin iyo na Pasadena rana ɗaya tak a mako ake barin waɗanda ba farare ba su shiga. Rana ɗaya ba ta isa koyo ba, sai malaminsa ya haƙa rami a bayan gida, ya cika shi da yashi, ya kafa katako a bisa. A kan yashin nan yaron ya yi ta alkafura yana dira da ƙafa. Ya girma ya zama likitan soja, ya ci dandamali a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952 yana da shekara 32. Da ya bar wasa sai ya shiga koyarwa. Almajirinsa Bob Webster ya ci dandamali a 1960 da 1964, wani almajirin kuma shi ne Greg Louganis.

Louganis da tsalle na uku

Kafin Louganis ya yi ƙarfi, sarkin dandamali ɗan Italiya ne, Klaus Dibiasi, wanda ya ci a 1968 da 1972 da 1976. Ubansa ne ya koya masa, shi ma ya yi wasan a 1936. An san Dibiasi da shiga ruwa ba fantsama, sai dai a ji wata ƙara kamar an yage ƙyalle. Dabarar da 'yan wasa suke yi don samun wannan ita ce su kama hannu ɗaya da ɗaya, su buɗe tafi ya fara dukan ruwa, ya buɗa wa jiki hanya. A 1976 wanda ya zo na biyu bayan Dibiasi shi ne Louganis, yana ɗan shekara 16. Amurka ta ƙaurace wa wasannin Mosko na 1980, saboda haka sai a 1984 ya sami dama, ya haɗa katako da dandamali a Los Angeles.

Yanzu ku tuna da tsalle na uku da na ce ku riƙe, wanda ƙeya take nufo wurin tashi. A 1983, a wasannin jami'o'in duniya a Edmonton ta Kanada, wani saurayi ɗan Tarayyar Sobiyet mai shekara 21, Sergei Chalibashvili, ya gwada irin wannan da alkafura uku da rabi. Kansa ya bugi bakin dandamali, ya yi mako guda bai farfaɗo ba, ya rasu. Louganis yana cikin masu gasar a ranar. Bayan shekara biyar, a Siyol ta Koriya ta Kudu a 1988, shi ma ya yi tsalle daga wannan gida a kan katako, ƙeyarsa ta bugi katakon, aka ɗinke masa kai, ya komo ya ƙarasa zagayen, ya kuma ci zinariya a karon ƙarshe. Da aka zo dandamali, wani yaro Basine mai shekara 14, Xiong Ni, yana gabansa har saura tsalle ɗaya. Tsallen da ya rage wa Louganis kuwa shi ne dai wanda ya kashe Chalibashvili. Ya hau ya yi shi, ya ci da ratar maki 1.14 kacal. Amurkawa suka yi murna, amma mai hankali ya ga abin da yake tafe: ƙaramin yaro ya kusa kayar da gwanin duniya.

Zamanin Sinawa

Idan da abin a jinin Sinawa yake, ina suke cikin shekara tamanin na farko? Ba su ci zinariyar wasan ba sai a 1984, sa'ad da Zhou Jihong ta ci dandamalin mata. Kafin nan sun daɗe suna kallon na gaba da su, har wata tawagar Amurkawa masu iyo da tsunduma ta ziyarce su a 1973. Abin da suka yi shi ne suka kafa makarantun wasanni a larduna, suna zaɓo yara tun suna ƙanana, da yawansu daga wasan motsa jiki, kamar dai yadda aka fara a Jamus da Suwidin. Babban malaminsu na lokacin, Xu Yiming, ya ba da ƙarfi ga koyo a tudu: a ɗaura wa yaro ɗamara mai igiya, a riƙe shi, ya yi ta maimaita alkafura a kan katifa da ragar tsalle kafin ya kusanci ruwa. Wannan kuwa ƙanen ramin yashin Sammy Lee ne.

Gao Min ta ci katakon mata a 1988 da 1992, daga nan har 2024 ba wata ƙasa da ta ƙara cin sa, sau goma ke nan a jere. Fu Mingxia ta zama zakarar duniya a 1991 tana da shekara 12, abin da ya sa hukuma ta kafa dokar cewa sai mai cika shekara 14 a shekarar gasa zai shiga. Ta ci zinariya a Barcelona a 1992, biyu a 1996, ɗaya a 2000. A wasannin Sidni na 2000 aka ƙara tsallen tagwaye, inda mutum biyu suke tashi tare su shiga ruwa tare kamar mutum da inuwarsa, lambobin suka tashi daga huɗu zuwa takwas. Sin ta ci bakwai a Beijin a 2008, shida a Landan a 2012, bakwai a Rio a 2016, bakwai a wasannin Tokyo da aka yi a 2021, sa'an nan takwas cif a Faris. A Tokyo ne Quan Hongchan, 'yar manoma daga wani ƙauye a lardin Guangdong, mai shekara 14, ta tara maki 466.20, a tsalle biyu alƙalan nan bakwai kowa ya ba ta 10. Zhou Jihong kuwa, wadda ta buɗe musu ƙofa, ita ce daga baya ta daɗe tana shugabancin 'yan wasan ƙasar. Amurka, tun bayan Louganis, zinariya uku kawai ta ƙara samu, a 1992 da 2000 da 2012.

Amma fa kada mu ga zuma mu manta da harbi. Yawancin yaran nan suna barin iyayensu tun suna ƙanana, su wuni suna horo, wasu su ji ciwo a wuyan hannu ko a baya ko a ido, kuma a bayan kowace mai zinariya akwai da yawa da aka mayar gida ba a ji sunansu ba. Ko wannan farashi ya dace a ɗora wa yaro, magana ce da ya kamata manya su yi ta dubawa.

Hukuncin gardama

Da na karanta wa abokina wannan duka, sai ya ce, "To, Dibiasi fa, ba ɗan gado ba ne?" Na ƙara masa da cewa 'yar Pat McCormick ma, Kelly, ta ci azurfa a 1984 da tagulla a 1988. Ban musa ba, jiki yana da nasa rabo, gajere marar nauyi ya fi saurin juyawa a iska. Amma ɗan da ya tashi a gidan gwani, malami ya samu a gida tun yana rarrafe. In kuwa jini ne kaɗai, ai jikokin mutanen Suwidin suna nan, jininsu bai sake ba, me ya hana su ci? Tutar nan ta tashi daga Suwidin da Jamus ta koma Amurka, ta tashi daga Amurka ta koma Sin, kuma duk inda ta sauka sai na tarar da abu uku: wurin koyo, da malami, da yaron da ya jure maimaitawa. Muka koma wurin Malam, ya saurara, ya dubi abokina ya ce, "Kai kuma da kake cewa lissafi ba na gidanku ba ne, wurin koyo kana da shi, malami kana da shi, saura na ukun." Abokina ya sunkuyar da kai. Ba zan ce ya zama gwani ba, amma yanzu in an tashi karatun dare nakan gan shi da littafin lissafi.

Daga ƙarshe ina jan kunnen ƙannenmu na ƙananan azuzuwa. Kada wani ya karanta wannan, damina ta zo, ya tafi kududdufi ya ce zai gwada. A unguwarmu akwai wani yaro da ya dako da ka cikin wani ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ruwan ya rufe ido amma bai kai ƙirji ba, kansa ya caki ƙasa, har yau ba ya tafiya da ƙafafunsa. Waɗancan da muke gani a talabijin sun yi shekaru suna koyo a tudu da ɗamara, ga malami a tsaye, ga ruwa mai zurfin mita 5 wanda aka auna. Duk da haka kun ji abin da ya sami Chalibashvili. Ruwan da ba ka san zurfinsa ba, kada ka shige shi da ka.

Allah ya ba mu juriyar koyo, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.